Ranar Da Na Fasa Bangon Ɗakin Injina

Ɗakin injin niƙana ƙofarsa ƙarama ce, ƙarama ƙwarai. Mace in ta ɗauko babbar roba a ka, sai ta sauke ta, ta riƙo ta a gefe, ta karkace sannan ta shiga. Kuma ni na sa aka yi ta haka, da bakina, ina tsaye a wajen ina jin duk garin ba wanda ya kai ni dabara.

Bari in faɗi yadda aka yi. Ni tun a aji biyu na ƙaramar sakandare na daina zuwa makaranta. Ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi tallan rake, na yi wankin babur a Gaya, na bi wata motar kaya wata huɗu, na dawo na yi acaɓa tsakanin Gaya da Ajingi har ƙuguna ya gaji da ramuka. Duk abin da na kama, in ya yi wata shida a hannuna to ya daɗe. A gida har an saba. In na shigo da sabon zance Inna ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wakenta, sai dai ta ce, "To, Allah ya sa wannan ya ga kaka."

Injin shi ne abu na farko da na riƙe da gaske. Babur ɗina na sayar, na haɗa da riɗin da na noma a shekarar, na sayo shi na hannu. Tsoho ne, kore, irin mai shan gas wanda ake ajiye wa durom ɗin ruwa a gefe. Nauyi kuwa sai ƙarti shida sun yi nishi. Ba ni da wani abu a duniya bayan shi, ko keke.

A daidai lokacin aka yi ta zancen an ɗauke wa wani mutum injinsa sukutum a wani ƙauye ta wajen Kademi. Ni ban ga mutumin ba, ban san ƙauyen ba, amma zancen ya shige ni. A majalisarmu ta gindin darbejiya kowa ya kawo tasa, aka tsaya a kan dabarar da masu inji ke yi a wajenmu: ba a gina ɗaki a saka inji. Injin ake fara kafawa a fili, a zuba siminti, a binne ƙarafa huɗu a ɗaure shi da noti, sannan magini ya zo ya zagaye shi da gini, a bar 'yar ƙofa wadda mutum kaɗai zai wuce. Ɓarawo ko ya ɓalle kwaɗo, sai dai ya gai da inji ya fita.

Haka muka yi. Filin babanmu ne, Allah ya jiƙansa, a bakin kududdufin bayan gari. Na zaɓi wajen ne don ƙasar tubali na kusa, ba sai an yi dako ba. Maginin tsoho ne, abokin babanmu, shi ya gina rabin gidajen unguwarmu. Da ya zo kan ƙofa ya tsaya yana kallona.

"Yaro, a ƙara mata ko faɗin tubali ɗaya ne."

"A'a Baba, ku rage ma in da hali."

"To ai kai ne mai ɗaki," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Damina biyu lafiya lau. Na samu mutane. Masu ƙosai, masu awara, masu waina, duk ni suke kawo wa markaɗe da safe, da rana kuma niƙan dawa da masara. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ƙosai, sa'ar kakarmu ce, muna ce mata Iya. Ita ke fara zuwa kullum, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai angona. "Angona, tashi ka tayar da kishiyar tawa, wake ya jiƙu." Wai injin ne kishiyarta, don ya fi ta samun kulata.

A damina ta uku ne marka ta zauna. Kwana da kwanaki sama a rufe, ruwa ya tsagaita ya dawo, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci ɗin nan da ke shiga ƙasa. Kududdufin da a da sai ka yi taku kamar arba'in daga ɗakina kafin ka taka ruwa, sai ga shi taku ashirin. Na ƙirga. Washegari na sake ƙirgawa, sha huɗu. Na ɗauki dutse na ajiye a bakin ruwan da hantsi, kafin la'asar dutsen ya nutse.

Sai bango ya fara canza kala daga ƙasa. Danshi ya hau shi, baƙi-baƙi, kamar yadda mai ke hawa takardar ƙosai. Na ɗauki gawayi na ja layi a inda ya tsaya a bangon gabas. Da na dawo daga sallar azahar ya wuce layin da yatsa biyu. Na ja wani. Cikin kwana uku bangon ya zama kamar allon makaranta, layi kan layi, na ƙarshen ya kusa gwiwata.

A rediyo kuma kullum maganar ke nan, masu gine-gine kusa da ruwa su yi hattara, a yashe magudanai, a kwashe kaya. Ina jin an fara sai in murɗa wata tashar. Can ma ita ce.

Ban gaya wa kowa ba. Ina niƙa, idona na kan bango. In inji ya ɗauki zafi yana jijjiga, sai in ga ƙasa na zubowa siri-siri daga kusurwa, kamar ana tankaɗe. Ga wata 'yar tsaga ta fito daga ƙarƙashin azara ta gangaro. Ranar farko tsinken tsintsiya ne kawai ke shiga. Rana ta uku ƙaramin yatsana ya shige.

Iya ce ta fara magana. Ta zo da robar wakenta ta tsaya a waje, ta ƙi shigowa.

"Shigo mana Iya, yayyafi ake."

"In shigo ina? Angona, in gajiya ka yi da ni ka sake ni kawai, ba sai ka binne ni da raina ba. Ɗakin nan warin kabari yake."

Matan da ke bayanta suka yi dariya. Ni ma na yi. Na karɓi robar ta ƙofa na markaɗa mata na miƙo. Daga ranar duk suka koma tsayawa a waje, ni kaɗai a ciki.

Da yamma na je na ɗauko tsohon magini. Ya zo da sandarsa, ya zagaya ɗakin sau biyu. Ya durƙusa a gindin bangon gabas ya danna babban yatsansa. Yatsan ya lume kamar a tuwo. Ya zaro ya goge a rigarsa. Ya shiga ciki ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azara.

"Ƙafarsa ta mutu," ya ce. "Saman ne kawai bai samu labari ba."

"In aka yi masa yaɓe fa, Baba? Ko a tara masa ƙasa a gindi?"

"Yaɓe a marka? Da me zai bushe, da bakinka?"

"To kwana nawa kuke ganin zai yi?"

"Ni ba Allah ba ne. Zai iya kai kaka. Zai iya faɗuwa kafin mu gama maganar nan, shi ya sa ma zo mu fita." Muka fito. "Abu biyu zan gaya maka. Kar ka ƙara tayar da injin nan a ciki, jijjigar ce za ta ƙarasa shi. Na biyu, fitar da shi."

Yana faɗin haka duk muka juya muka kalli ƙofar. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na samo igiya na auna faɗin injin, na zo na kara a ƙofa. Ya fi ta da kusan tafin hannu biyu. Na sake aunawa ta tsaye, ta kwance, ta karkace, kamar igiyar za ta ji tausayina. Na kira makanikin Gaya da ya kafa mini shi. Layin na yankewa, ina ta ihu a waya.

"Oga, in an kwance shi gunduwa-gunduwa fa?"

"Kan niƙan zai fita, durom zai fita. Uwar injin fa? Ƙarfe ɗaya ce, ko ni na zo ba zan rage mata ƙiba ba."

"To ku zo dai ku gani."

"Ta ina? Hanyarku ta yanke, babur ba ya wucewa. Ka bari ruwa ya ja."

In jira ruwa ya ja. Na tsaya riƙe da waya ina kallon kududdufi, taku tara.

A gida na kasa cin tuwo. Inna ta lura, ta bari sai da ƙannena suka tashi sannan ta ce, "Mene ne?" Na gaya mata duka. Ta ce, "To a fasa bangon mana."

"Inna, ɗakin da na gina da kaina? In ɗauki diga in fasa, gari na kallo? Kin san me za a ce. Za a ce halin nasa ya motsa, ya gaji da wannan ma."

"Za a ce. In ya faɗo a kan injin kuma me za a ce?"

"In kuma bai faɗi ba fa? Na rushe lafiyayyen ɗaki a banza."

"Lafiyayye ne ka kasa cin tuwo?"

Ta ce in je wajen Kawu, yayanta, gidansa na kan tudu a ɗaya gefen garin, yana da wata rumfar kwano a ƙofar gida inda yake tara karan dawa. Ta ce ba zai hana ba. Na ce to. Amma ban je ba. Gaskiya ke nan, ban je ba. Na ce bari in ga gobe, wataƙila rana ta fito.

Ranar ba ta fito ba. Da sassafe na tarar da mata bakwai a ƙofar ɗakin da robobinsu. Na ce musu yau babu aiki. Wata ta ce to ita waken suyarta tun jiya yake a ruwa, in ya yi tsami wa zai ci awarar? Wata ta juya ta ce za ta aika Gafasa, can ma akwai inji. Wannan kalmar ta soke ni, don na san mai sana'a in ta koyi wata hanya ba lallai ta dawo ba. Iya kuwa ta zauna a kan wani dutse ta ɗora robar a cinya tana kallon ƙasa. Ƙosan nan da shi take ci da jikokinta.

Sai na yi wautar da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Na ce bari in yi musu sau ɗaya, da sauri, minti goma. Na shiga na ɗaura hannun tayarwa na juya. Ya kama. Na zuba waken Iya, ƙullu ya fara fita. Ina tsaye bayana na jin bangon kamar mutum ne ya tsaya a kaina. Ban kai rabin robar ba na ji wani tim a bayana, ƙasa ta watso mini a wuya. Wani gutsuren bango ne ya ɓallo daga saman kusurwar gabas, ya kai girman turmi, ya faɗi daidai inda nake ajiye jarkar gas. Ta inda ya fito ina hango sama.

Ban san lokacin da na kashe injin ba. Ban san yadda na bi ta ƙofar nan ba, sai dai na ga fatar kafaɗata ta saɓule. Matan sun watse can nesa suna salati. Iya ce kawai a tsaye, ta dafe ƙirji.

"Don wakena? Don wakena za ka kashe kanka, ɗan nan?"

Wannan karon ne kaɗai ba ta ce mini angona ba.

Daga nan gidan Kawu na wuce a guje. Ya ce rumfa ga ta nan, a kwashe karan. Ɗansa, taubashina, shi ke da shanun huɗa biyu da amalanke. Na same shi yana ba su harawa.

"Kai bawana, lafiya kake haki kamar an biyo ka?"

"Ɗaura shanun nan, don Allah. Inji za mu fitar."

"Ta ina? Ta ƙofar nan taka da ko akuya mai ciki ba ta wucewa?"

"Bango za mu fasa."

Ya kalle ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya ajiye harawar. "To mu je. Amma ka sani daga yau kai da injin duk nawa ne."

Kafin hantsi ya yi sosai mun taru: ni, taubashina, tsohon magini, da samari huɗu daga majalisa. 'Yan kallo kuwa sun fi talatin. Ni da na ɗauka kawai za mu kama sara ne, magini ya daka mini tsawa.

"Ajiye digar nan! Ka san wane bango ne ke ɗauke da rufin?"

Ban sani ba. Shekara biyu da rabi ina cikin ɗakin ban taɓa lura ba. Ya nuna mini: azarar ta kwanta ne a kan bangon kudu da na arewa. Ƙofa na yamma. Ya ce gefen ƙofar za mu ci, ta hannun dama, kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, ba duka da ƙarfi, sassaƙa. Kafin nan ya sa aka samo gwafanni uku masu kauri aka tokare rufin daga ciki. Shi da kansa ya shiga ya kafa su, tsoho da shi, yana fitowa ya ce, "Mutum biyu kawai a ciki a lokaci ɗaya. In na ce ku fito, ko me ke hannunku ku yar."

Na ɗaga diga na kai saran farko. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ai dama na faɗa, ba zai shekara uku ba." Na ji shi sarai, na san muryar. Ban juya ba. Bangon yamma a bushe yake, da ƙarfinsa, tubalin da ni na taka ƙasarsa da ƙafata. Kowane sara sai na ɗaga kai na kalli rufi.

Muna cikin haka taubashina ya taɓo ni ya nuna gabas da haɓa. Hadari ne ya fara haɗowa, can ƙasa-ƙasa, baƙi kamar gindin tukunya. Iska ba ta taso ba tukuna. Magini ya kalla ya ce, "Zuwa azahar."

Da ƙofa ta buɗe yadda igiyata ta wuce da sarari, muka shiga kwance inji. Bel ya fita, kan niƙa ya fita, muka tuntsurar da ruwan durom muka mirgino shi waje. Saura noti huɗu da suka riƙe uwar injin a siminti. Uku suka kwance da kyar, bayan mun jiƙa su da kananzir. Na huɗun, wanda ke ta kusurwar gabas inda danshi ya fi yawa, ya yi tsatsa ya manne. Na sa sifana na ja, taubashina ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar muka ja tare. Sifanar ta zame ta cinye kan notin, ya koma mulmulalle.

Na zauna a ƙasa. Ga ƙofa a buɗe, ga amalanke a waje, ga noti ɗaya.

"Tashi dalla," in ji taubashina. "Wa ke da zarton ƙarfe a garin nan?"

Mai gyaran keke ne ke da shi. Aka ruga aka karɓo, haƙoransa duk sun cinye. Na kwanta rubda ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaina dab da bangon gabas, ina jin sanyinsa a kunnena, na fara goga. Wajen ya matse, zarton ba ya tafiya sai kamar tsawon yatsa. Goga, goga, goga. Ina jin ƙasa na zubo mini a ƙeya. Ina jin iska ta fara kaɗa kwanon wani gida. Aka kira azahar ina kwance. Hannuna ya mutu, taubashina ya karɓa, nasa ya mutu na karɓa. Daga waje magini na cewa, "Saura yaya?" mu ce saura kaɗan, ya sake tambaya mu sake cewa saura kaɗan. Da ya rage siriri muka sa guduma, ya ɓalle.

Sai wata matsalar. Mutum shida ke ɗaga injin, magini ya ce biyu kawai a ciki, kuma ko ya yarda wajen ba zai ɗauki shida ba ga gwafanni a tsaye. Muka tsaya cirko-cirko. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

Iya ce ta yi magana daga cikin mata. "Ku mirgina shi mana, kamar yadda ake yi wa gungume. Ke, ɗauko taɓaryarki. Ke ma. Ku yi sauri!"

Kafin mu ankara ga taɓare biyar an kawo daga gidajen kusa, wasu duk sun yi ƙura don an daɗe ba a daka da su ba. Muka sa ƙarfe muka ɗaga gefe ɗaya, muka zura biyu a ƙarƙashi. Muka ɗaura igiya, mu biyu muna turawa daga ciki, sauran na ja daga waje. Ya motsa. In ya wuce taɓarya ɗaya sai a zaro ta a mayar gaba. Ɗaya ta tsage ƙarƙashin nauyin, mai ita ta yi ihu, Iya ta ce, "Yi shiru, angona zai sassaƙo miki sabuwa, da ma ba daka kike ba." Ina jin ana dariya a waje. Ni ban da numfashina da ƙarar ƙarfe a kan itace ba abin da nake bi.

Da ya fito fili ƙarti suka taru a kansa, aka jingina katakai biyu aka tura shi kan amalanke. Ruwan ya sauko gaba ɗaya, da iska. Tamfol ɗin da na tanada ashe gajere ne, ya rufe sama ya bar bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, da wajen shan iska a buɗe, iska kuma na ɗaga shi. Na cire rigata na cusa a bakin salansa, na hau amalanken na kwanta a kan tamfol ɗin na rungume injin. Haka muka ratsa gari, ni ba riga, taubashina na gaba yana yi wa shanu magana. A kwarin bayan masallaci ƙafar amalanke ta lume har gindi, ruwa na gudu ta ƙarƙashinmu, amalanken ya karkata, na ji injin ya zame a ƙirjina kamar faɗin yatsa uku. Na yi ta kiran sunan Allah. Mutanen da suka fake a zaure suka fito cikin ruwan suka sa kafaɗa. Cikinsu har da mai cewa ba zan shekara uku ba.

Muka sauke shi a rumfar Kawu a kan guntayen giginya biyu. Ina rawar sanyi na sake kiran makaniki.

"Ruwa ya dake shi?"

"Ya daka, Oga. Ban san ko ya shiga ba."

"Kar ka tayar yau. Goge shi, bar shi ya sha iska kwana biyu. In ka tayar, bar shi ya yi zafi kaɗan ka kashe, ka zaro sandar duba mai. In man baƙi ne, ka gode wa Allah. In ka ga ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga ciki, kar ka ƙara taɓa shi, sai an buɗe shi gaba ɗaya. Wannan kuma babban aiki ne."

Kwana biyun nan ban san me na yi a cikinsu ba. Ina zagaya injin, ina gogewa, ina leƙa duk wani rami da ido zai shiga. Na haƙa ƙasa na binne giginyar rabi, na ɗaure ƙafafun injin a jikinta da waya da manyan ƙusoshi. Na mayar da kan niƙa, na ja bel, na cika durom. Na yi wa rumfar 'yar kwata ta zagaye don ruwa ya bi. A rana ta biyu da hantsi, rana ta ɗan fito, ba ko ɗigon ruwa, aka zo aka ce mini ɗakin ya zauna. Bangon gabas ne ya fara, rufin ya bi shi. Ban je na gani ba sai daga baya. A lokacin ko daɗi ban ji ba, hankalina duk yana kan abin da ke cikin injin.

Rana ta uku da safe na ɗaura hannun tayarwa. Kawu na zaune a kan tabarma a ƙofar zaure da carbinsa, taubashina na tsaye yana riƙe da ƙugu. Na juya, na juya, ya yi tari ya mutu. Na sake, ya mutu. Na kwance bututun gas na fitar da iska yadda na ga makaniki na yi, na ɗaure. Na ce bismillah na juya da duk ƙarfina. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Rumfar gaba ɗaya ta ɗauki rawa, kaji suka watse.

Na bar shi yana yi, ina taɓa jikinsa har ya yi ɗumi. Na kashe. Shiru ya sauka. Na sa hannu a kan sandar duba mai na tsaya.

"Zaro mana," in ji taubashina. "Ko in zo in zaro maka, matsoraci?"

Na zaro. Na fito da ita waje inda haske yake, na goga a yatsana, na murza. Baƙi ne. Na mayar na sake zarowa don kar ido ne ya yaudare ni. Baƙi ƙirin. Na kai wa taubashina har hanci, na wuce na durƙusa gaban Kawu ina nuna masa, man na ɗiga.

"Na gani, na gani, janye min daga riga," ya ce. Ya juya ya ɗaga murya cikin gida. "Ku fito da dawar nan a niƙa, kwana uku muna cin ɗanwake a gidan nan."